Ɗandume: Abin da gatari ya ci da abin da ya bari

Duk wanda ke harkar hatsi a ƙasar nan ya san sunan Ɗandume, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka garin ba. Farashin buhun masara a kasuwarta labari ne da ake bugo waya a tambaya daga Dawanau ta Kano, daga Ibadan har Legas, domin manyan dillalai da masu kamfanonin abincin kaji da shi suke auna yadda shekara za ta kasance. Ranar kasuwa manyan motoci kan yi jerin gwano tun daga bakin gari, 'yan dako na ta kai-kawo da buhunan masara da dawa da waken suya da shinkafa shanshera, ƙura ta turnuƙe har mutum ya riƙa ciniki da wanda ba ya ganin fuskarsa sosai. Ni dai ba sayen hatsi ya kai ni ba. Na je ne in ga ƙasar da ke fitar da shi, in kuma ji yadda aka yi ta zama gona, tun da yake shekara ɗari da suka wuce wuri mai yawa a cikinta daji ne wanda mutum ɗaya ba ya ratsawa shi kaɗai.

Garin yana yamma da Funtuwa, a kan hanyar da ta nufi Birnin Gwari, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 145,739 a faɗin ƙasa murabba'in kilomita 422, watau wuri ne matsattse mai cike da jama'a, da garuruwa irin su Mahuta da Ɗantankari da Tumburkai. Masana tarihi suna kiran wannan sashe na kudancin masarautar Katsina da suna Katsina Laka, saboda ƙasarsa mai nauyi ce mai riƙe ruwa, saɓanin jigawar arewa. A nan tsofaffin garuruwa irin su Maska da Gozaki da Kogo suka yi zamaninsu, Maska kuwa ta yi suna a saƙa da rini tun kafin Bature ya zo.

Matafiyin da ya leƙa ta tagar mota zai ga gonaki shimfiɗe har iyakar ganinsa, amma in ya natsu zai lura cewa ba fili ne tas ba. Jefi-jefi ga ɗorawa, ga kaɗanya, ga tsamiya, can nesa ga kuka ta yi tsaye kamar mai gadi. Ba iska ce ta shuka su a haka ba. Kowace daga cikinsu wani ya taɓa tsayawa a gindinta da gatari a kafaɗa, ya dube ta, ya wuce. Maƙwabtanta kuwa, doka da marke da maje da ƙirya, sun tafi. Saboda haka gonakin nan rubutu ne ga mai iya karantawa: suna nuna abin da mutanen farko suka yarda a sare da abin da suka ce a bari.

Abin da ya sa ƙasa mai albarka haka ta daɗe tana daji ba boyayye ba ne. A ƙarni na 19 yammacin Katsina da kudancinta bakin daga ne. Katsinawan Maraɗi na kawo hari daga arewa, daga baya kuma mayaƙan Sarkin Sudan na Kontagora Ibrahim suka addabi ƙasar Gwari da ke kudu. A irin wannan zama manomi ba ya nisa da ganuwa, abin da ke bayan ganuwa kuwa na kura ne da maharba da makiyaya masu ƙarfin hali. Da Turawa suka ci Katsina a 1903, hare-hare suka lafa, sai mutane suka fara fitowa daga cikin garu suna cin daji. Yunwar 1914, wadda tsofaffi ke kira Ƙaƙalaba, ta koro wasu daga arewa. Sa'an nan auduga ta zo da kuɗinta, aka kafa injin gurza a Funtuwa, layin dogo daga Zariya ya bi ta garin ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan kowane kadada na dajin da ke yamma da Funtuwa ya zama abu mai daraja, in dai an sami mai sare shi.

Irin wannan mutum nake nema, kuma a layin 'yan katako na sami labarinsa, a bakin ɗansa, wani dattijo da ya haura saba'in, mai sayar da katakon rufi. Ba zan ambaci sunansa ko na ƙauyensu ba, domin a wannan yanki a yau fitar da sunan gida mai rufin asiri a jarida ba taimako ba ne gare shi. Na gaishe shi, ya sa aka shimfiɗa mini buhu a kan tarin katako, na ce, "Baba, labarin mahaifinku na zo ji." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai labarinsa ba shi da yawa. Ya zo da gatari, ya mutu da rawani." Amma da ya fara, sai da aka kira azahar bai kai ƙarshe ba.

Mahaifin nasa, Allah Ya jiƙansa, mutumin ƙasar Daura ne, masassaƙi ɗan masassaƙi. Ya baro gida a shekarun yaƙin Hitila, lokacin yunwar da ake kira 'Yar Gusau, da niyyar ci-rani kawai, kayansa gatari da gizago da 'yar butar alwala. Ya sauka wajen wani mai gari kudu da Ɗandume, yana sassaƙa wa mutane turmi da taɓarya da ƙota da akushi ana biyansa da dawa. Da damina ta ƙarato ya yi shirin komawa, sai mai garin ya kai shi bakin daji ya nuna masa da sanda, ya ce iyakarsa ita ce inda ƙarfinsa ya tsaya. Haka ake ba da ƙasa a lokacin, ba awo, ba takarda, sai ɗan goro da damin hatsi bayan kaka.

Saran daji ba aikin rana ɗaya ba ne, kuma dattijon ya bayyana mini shi dalla-dalla kamar wanda ya yi jiya. Da rani ake sare ƙananan itatuwa a tara su su bushe, gab da saukar ruwa a cinna wuta. Manyan da gatari ba zai iya kayarwa cikin sauƙi ba sai a ɓare musu ɓawo a kewaye, ko a tara musu wuta a gindi, su mutu a tsaye. Shekarar fari a tsakanin kututture ake shuka dawa, birai su ci rabi da rana, gyadon daji ya ci nasa da dare. Sai an shekara uku ko huɗu ana tonon saiwa kafin wurin ya amsa sunan gona. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan aiki ƙone itacen suke yi, domin toka suke so. Shi kuwa da yake idon masassaƙi gare shi, yana ganin ƙofa a jikin maɗaci, yana ganin turmi a jikin ƙirya, sai abin ya riƙa yi masa ciwo.

A Funtuwa ya ga wasu mutanen kudu suna tsaga gungume da dogon zarto mai mariƙi biyu. Ana haƙa rami, a gicciya gungumen a kai, mutum ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, su yi ta ja daga safe har yamma, na ƙasa yana shan garin katako a ido da baki. Ya yi musu aiki rani guda ba lada don ya koya, ya sayi tsohon zartonsu, ya koma dajinsa. Daga nan ya zama mai kai katako da azarar giginya Funtuwa, farko a kan jakuna, daga baya a mota, a lokacin da garin ke ta gina kantuna da rumfuna da gidajen ma'aikata. Ba kuma yadda ya ga dama yake sara ba. Akwai malamin daji na En'e, wanda sai ya zo ya ga itacen, an biya kuɗin izni, ya buga wa gungumen hatimi da guduma, kana a taɓa shi. Dattijon ya yi dariya ya ce ba kowane gungume ne ya ga gudumar ba, kuma ba kowace kaza ce da ta bi malamin daji gida ta shiga littafin hukuma ba.

Inda labarin ya fi jan hankalina shi ne yadda zarto ya zama rawani. Babu wanda ya tsara haka. Masu jan zarto suna bukatar abinci, sai tukunyar gidansa ta girma. Suna bukatar ruwa, sai ya tara su suka haƙa rijiya, rijiyar kuwa ta jawo wasu suka kafa bukkoki kusa da ita. Baƙon da ya iso da dare zaurensa ake nuna masa, tun da shi ne mai ƙofar katako da fitila. Da aka yi masallaci shi ya ba da azara da ƙyaure, shi ya sassaƙa makara, allunan almajiran malamin da ya sauka a wurin ma daga wajensa suka fito. Rafin da ke raba su da hanya, wanda in ya kawo sai a kwana biyu ba a ƙetare ba, shi ya kira gayya aka ɗora masa gumagumai. Wanda ya zo neman gona shi ke shiga gaba ya nuna masa inda zai fara da inda zai tsaya, saboda haka da rigimar iyaka ta taso bayan shekara ashirin, shi kaɗai ya san cewa tsamiyar nan ce aka bari shaida. Ranar da masu rubuta haraji suka iso suka tambayi wa ke amsa sunan mutanen nan, kowa ya waiwaya ya dube shi. Hakimi bai yi wani abu ba illa tabbatar da abin da ya riga ya tabbata. Har a 1976, da aka buɗe makarantun firamare na shirin ilimi kyauta, bencinan farko na ƙauyen daga rumfarsa aka ɗauko su, kuma shi ya bi gida-gida yana lallashin iyaye, bayan ya fara sa nasa 'ya'yan.

Ba waliyyi ba ne, kuma ɗan nasa bai ce haka ba. Fadamar da ta fi kyau kansa ya ware wa. Maɗacin da ya kayar a rayuwarsa ba su ƙirguwa, kuma bai dasa ko ɗaya ba, don a zamaninsa wanda ya ce zai dasa itace a cikin daji sai a nema masa magani. Amma yana da dokoki, yana kuma da ikon sa a bi su. Ba a sare ɗorawa, ba a sare kaɗanya, domin kalwa da man kaɗe dukiyar mata ce, daddawar miya da kuɗin kayan ɗakin 'ya'yansu daga nan suke fitowa, mai unguwar da ya bari aka taɓa su kuwa ba zai sha ruwa da daɗi a gidansa ba. Ba a sare na bakin rafi. Ba a kayar da itace mai 'ya'ya don a ɗebi zuma. Dalilinsa bai wuce ɗaya ba: a nan zai kwana, a nan za a binne shi, duk abin da ya ɓata shi za a zo wa da ƙara da asuba.

Wannan irin rayuwa ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi ta ba. A can gaɓar yammacin Amurka akwai birnin Siyatil, inda a yau kamfanin Amazon yake da hedikwata. A 1852, lokacin garin bai wuce 'yan bukkoki a bakin ruwa ba, wani mutum mai suna Henry Yesler ya iso, a shekara mai bi ya tayar da injin tsaga katako mai aiki da tururi, irinsa na farko a yankin. Kusan kowa a garin ya ci abinci a ƙarƙashin injin nan. Ɗakin da ake dafa wa ma'aikatansa abinci shi ya zama wurin taro da shari'a da ibada, kamar dai zauren masassaƙinmu. Hanyar da ake gangaro da gumagumai daga tudu zuwa injin har yau sunansa take amsawa, kuma sau biyu ana zaɓensa magajin gari, a 1874 da 1885. Bambancin shi ne can an rubuta, an sa wa titi suna, nan kuwa in dattijon layin 'yan katako ya kwanta dama, labarin ya bi shi.

Akwai kuma wani wurin da labaran biyu suka haɗu, wanda masu yabon irin waɗannan mutane ba su cika son tsayawa a kai ba. Dajin da Yesler ya sare yana da masu shi, mutanen Duwamish, waɗanda sunan shugabansu aka laƙaba wa birnin, aka kuma ture su gefe. Dajin kudancin Katsina ma ba kango ba ne. Akwai Fulani da ke kiwo a cikinsa shekara da shekaru, da mashayarsu da burtalinsu da wuraren da suke yada zango da damina. Mai gatari yana ganin ƙasar da ba a noma ba a matsayin wadda ba ta da mai ita, kuma fiƙihun da muke bi ya ba wanda ya raya matacciyar ƙasa haƙƙi a kanta. Sai dai fiƙihun bai tsaya nan ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum a kan wannan mas'ala, Ta'alimur Radi, inda bayan raya ƙasa ya yi bayanin hurumin gari da na rijiya da kuma makiyayar da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a. Mun riƙe rabin farko da hannu biyu, rabi na biyu muka bar shi a cikin littafi. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, amma abin da aka keɓe a takarda garma ta ci da yawa daga cikinsa a ƙasa. Na tambayi dattijon ko mahaifinsa ya bar burtali. Ya ce ya bari, mai faɗin da shanu za su wuce ba su taɓa shuka ba, kuma duk shekara shi da Arɗo suke bin sa da ƙafa kafin ruwa ya sauka. Na ce yanzu fa? Ya ce yanzu babur ma da ƙyar yake bi.

Babban sauyi ya zo ne a 1975, da aka kafa shirin raya aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gwambe. Shirin ya kawo takin zamani mai rahusa, da irin masara mai yawan yabanya, da hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da kayan gona. Masarar da a da ake shukawa a bayan gida don gashi ta zama amfanin gona na kasuwa, kuma arzikin da Ɗandume ke taƙama da shi yau daga nan ya samo tushe. Ba mai hankalin da zai raina wannan. Sai dai taki ya kashe al'adar barin gona ta huta ta koma saura, garmar shanu da tarakta kuwa ba sa shiri da kututture, masara kuma ba ta son inuwa. Abin da gatari ya yi wa afuwa a zamanin mahaifin dattijon nan, lissafin buhu nawa kadada zai bayar ya zo ya sake yi masa shari'a.

Daga baya injin zarto na hannu ya iso. Aikin da mutum biyu ke yi a mako, yaro ɗaya da galan na fetur ya gama shi kafin la'asar. Mai injin kuma galibi ba ɗan garin ba ne, wanda ya aiko shi yana Kaduna ko Kano ko Legas, ba ya sallah a masallacin ƙauyen, matarsa ba ta tsintar kaɗe a wurin. Mun ga iyakar wannan a kan madobiya, itacen da 'yan katako ke kira madrid, wanda aka yi ta lodinsa daga dazuzzukan Taraba da maƙwabtanta zuwa ƙasar Sin, har aka sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu daga 2017, aka kuma dakatar da fitar da shi daga Najeriya a 2018. A nan yankin gawayi ne ya fi yin ɓarna. Duk lokacin da kalanzir da iskar gas suka yi tsada a birni, wata ƙirya ce ke faɗuwa a ƙauye, kuma mai gawayi ba ya tambayar ko itacen na 'ya'ya ne. Na ga buhunansa jibge a bakin hanya, an toshe bakinsu da ganye, ban kuma ga laifin talakan da ke tsaye kusa da su ba, domin shi ne mafi ƙarancin riba a cikin dogon layin masu ci.

Abin mamaki, dajin da ya rage bai zama na kowa ba sai na masu bindiga. Daga Kogo a wajen Faskari da Sabuwa, zuwa Kamuku ta Birnin Gwari wadda ta zama gandun daji na ƙasa a 1999, har Kuyambana ta Zamfara, daji ne mai haɗe da juna, kuma Ɗandume na cikin ƙananan hukumomi takwas na Jihar Katsina da hukuma ke lissafawa a matsayin na bakin daga. Garin da aka kafa a bakin daji ya sake komawa bakin daji. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗaga dajin Kogo zuwa gandun daji na ƙasa tare da wasu tara. A daidai wannan lokaci, ranar 11 ga Disamba, aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara, bayan kwana takwas kuma aka tare 'yan Islamiyya kimanin 80 na garin Mahuta suna dawowa daga Maulidi. Waɗannan Allah Ya kuɓutar da su a daren, domin mutanen gari da 'yan sa-kai da jami'an tsaro sun bi sawu ba su jira gari ya waye ba. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da, cikin abubuwan da ta hana, har da motocin da ke ɗauko itace daga daji, saboda zargin cewa ta nan kaya da labari ke isa ga 'yan bindiga, a watan da ya biyo baya kuma aka katse layukan waya a yankin har da Ɗandume. Sana'ar da ta taɓa kai mutum ga rawani ta wayi gari cikin jerin abubuwan tuhuma.

Ba na cikin masu cewa saran daji ne kaɗai ya haifi ta'addancin nan. Akwai makamai da suka kwararo, akwai zaluncin alƙalai da 'yan sanda da masu unguwanni da aka daɗe ana kuka da shi, akwai kwaɗayin kuɗin fansa wanda ba ya bukatar wani uzuri. Amma wanda ya ce toshe burtali da cinye makiyaya ba su da hannu a ciki, bai zauna da mutanen yankin ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da na fahimta a Ɗandume shi ne, a da mai sara da mai hukunci mutum ɗaya ne, kuma yana zaune a inda ya sara. Yau mai sara daban, mai ba da izni daban yana ofis a hedikwata, mai cin riba daban yana birni, mai unguwa kuwa an bar shi da karɓar baƙi da zuwa jana'iza. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna da ƙaramar hukuma, ba ta kuwa damƙa musu idon da ke ganin wace tsamiya ce iyaka ba.

Maganin ba a nesa yake ba, yana wajen 'yan uwanmu na Maraɗi, jikokin waɗanda kakanninmu ke gudu a da. A farkon shekarun 1980 ƙasarsu ta kusa zama fili fetal, dashen da hukuma da ƙungiyoyi ke yi kuma yawancinsa mutuwa yake yi. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Manoman suka sa wa abin suna sassabin zamani. Bai yaɗu ba sai da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raya nasa ne, ma'aikacin daji ba zai zo ya ci shi tara a kansa ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Ƙasar Ɗandume ta fi ta Maraɗi ruwan sama nesa ba kusa ba. Abin da zai hana a yi haka a nan ba ƙasa ba ce, rashin wanda zai tsaya a kai ne, irin tsayuwar da masassaƙin nan ya yi a kan ɗorawa. Kasuwar da ke tara wa ƙaramar hukuma kuɗin shiga a kan kowane buhu ba za ta gaza ɗaukar nauyin sake shata burtali ɗaya da rainon 'yan itatuwa a bakin rafuka ba, in hakimi da dagatai da Arɗo-Arɗo da ƙungiyar 'yan katako suka zauna a tabarma guda, aka kuma ba su ikon hukunta wanda ya karya.

Kafin in tashi na tambayi dattijon daga wane daji katakon da muke zaune a kai ya fito. Ya ce babu ko ɗaya na ƙasar Katsina a ciki, duk daga kudu ake kawo shi, kuɗin mota ma ya kusa kai kuɗin itacen. Maɗaci in ana so sai an yi oda an jira. Ya aiki yaro ya kira mini wani masassaƙi daga bayan layin, wanda ya nuna mini turamen da ya kawo kasuwa, yawancinsu na mangwaro da bedi. Ya ce na ƙirya uwa kan bar wa 'yarta gado, waɗannan kuwa in sun shekara biyar ba su tsage ba an gode Allah, kuma matan sun sani, shi ya sa suke ƙwanƙwasa turmin da ɗan yatsa su saurara kafin su taya.

Ana idar da la'asar kasuwa ta fara watsewa, da sauran rana tsaka, domin ba direban da ke son magariba ta same shi a hanya. Na sami wuri a wata motar Funtuwa, a bayanmu tirela biyu ɗauke da masara suna ta danna ƙaho a ba su hanya, a gefe guda kuma 'yan dako na sauke katakon rufi daga wata doguwar mota mai lambar Jihar Edo.